Makunnin da Ba Ya Kunna Komai

Saura kwana uku ranar wankin kaburbura na je gidan Nilda da gwangwanin farin fenti da burushi biyu. Ta dubi kayan, ta dube ni, ta ce in mayar da su mota. A nan Santa Otilia ko wanda ya mutu ba shi da kowa, ranar biyu ga Nuwamba sai an sami wata tsohuwa ta share masa kabari ta ajiye masa fure. Amma ƙanena Adelar, da ya bar mata da 'ya da ni yayansa, wata takwas da binne shi matarsa ba ta taka maƙabarta ba. Hotonsa na falo ma ta sauke, ta kifa shi a durowa ƙarƙashin tawul.

"Kompadre," ta ce, don haka take kirana tun ranar da na riƙe 'yarsu Marlise a coci aka yi mata baftisma, "kai ka je ka wanke masa. Mutumin da yatsa ɗaya kawai zai ɗaga ya dawo gida ya ci abincin rana, ya manta. Shekara talatin da ɗaya ina bin sa da hula, ina bin sa da makulli, ina bin sa da magani. Abu ɗayan da ba zan iya bin sa da shi ba, shi ma ya manta. Ni ya manta, kompadre. To ni ma na manta hanyar."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta tsiyaya ruwan zafi a ƙoƙon mate, ganyen shayin da muke sha a ƙoƙo ɗaya, ta miƙo mini kamar kullum, na karɓa na zuƙa. Duk garin nan ni kaɗai na san Adelar bai manta ba, kuma ni na bari matarsa take fushi da shi a cikin kabari.

Ba zan yi wa mamaci ƙarya ba, Adelar akwai mantuwa. Ya taɓa barin Nilda a gidan mai a hanyar Chapeco, sai da ya yi tafiyar kilomita ashirin yana ba kujera labari sannan ya waiwaya. Ya taɓa zuwa coci da takalmi ƙafa ɗaya baƙi ƙafa ɗaya ja. Idan ka aike shi sayen ƙusa zai dawo maka da kankana da labarin wanda ya sayar masa. Ni na girme shi da shekara shida, kuma tun muna yara aikina ke nan, in bi bayansa ina rufe ƙofofin da ya bari a buɗe. Na zage shi a kan haka ya fi a ƙirga, shi kuwa sai dariya, ya ce ai Allah Ya san abin da Ya yi da Ya fara aiko ni.

Ɗan jirgin samanmu shekara tara muka yi muna gina shi a bayan garejina. Shi ya sayi zanen, shi ya fere katako ɗaya bayan ɗaya ya manna da gam, Nilda ta ɗinka yadin da aka lulluɓe fukafukan da shi a kan kekenta. Inji kuwa nawa ne. Na ciro shi daga tsohuwar motar nan ƙirar kunkuru, irin wadda na shekara arba'in ina kwancewa ina ɗaurawa har ina iya yi ido rufe, na wanke shi, na sake masa komai, muka ɗaura masa farfela. Ni dai ban taɓa shiga ba, kuma ban taɓa sha'awa ba. Tsani ma idan ya wuce taki biyar jiri nake gani. Nawa shi ne in tsaya a gefen filin ciyawar kulob ɗinmu na masu ƙananan jirage da oba-oba a hannu ina sauraron injina yana wucewa ta kaina.

Fiffiken jirginmu a ƙasa yake, tankin mai yana cikinsa, saboda haka fetur ba ya gangarowa inji da kansa, sai an turo shi. Injin yana da famfonsa na gado, wanda yake juyawa da shi. Idan wannan ya mutu a mota, sai ka gangara gefen titi ka zagi uwar motar ka jira a ja ka. A sama babu gefen titi. Don haka kowa a kulob yake ƙara famfo na biyu mai aiki da batir, da makunninsa a gaban matuƙi. Shi wannan ɗan jira ne, ba a barinsa a kunne kullum.

Seu Jandir, shugaban kulob, wanda ya koya wa rabin garin nan tuƙin jirgi kuma bai taɓa bari an manta da hakan ba, shi ya kafa wa Adelar ƙa'idar. Ka ɗaga makunni ka ji famfon batir yana tak-tak-tak. Ka tayar da inji. Sannan ka kashe makunnin, ka zuba wa allurar mai ido minti guda cur. Idan ta tsaya a inda take, famfon inji yana da rai. Idan ta fara faɗuwa, ka kashe komai ka sauka ka je ka ci nama da mu. In lafiya lau ne ka sake kunnawa ka tashi, ka yi nisa sama ka kashe, in za ka sauka ka kunna, in inji ya yi tari ka kunna. Adelar ya rubuta wannan duka a kan farin salatif ya manna a ƙarƙashin makunnin, da manyan baƙaƙe kamar allon 'yan aji ɗaya. Jandir ya gani ya ce saura ya rubuta sunansa ma ya manna, kada ya sauka a wani gari a tambaye shi.

Ana saura mako ɗaya tashin farko Nilda ta zo gareji da rana, Adelar ya tafi sayen wani abu da na tabbata ba shi zai kawo ba. Ta ajiye mini kek ɗin ayaba a kan benci, ta tsaya tana kallon makunnin nan da salatif ɗinsa. Ta ce ta ji bayanin Jandir, kunna nan, kashe can, sake kunnawa, kuma ni na san halin ɗan'uwana. Ta ce in yi wa Allah in yi wani abu, yadda ko ya manta ba zai kashe shi ba. Na cika baki da kek na ce ta bar mini.

Aikin minti goma ne. Na zura hannu bayan allon, na cire wayoyi biyun da ke jikin makunnin, na haɗa su da juna, na naɗe, na tura su can ciki. Daga ranar, da zarar an ba jirgin wuta famfon batir ya kama, ba ya tsayawa sai an kashe komai. Makunnin na bar shi a inda yake, yana hawa yana sauka da 'yar ƙararsa, don kada Adelar ya ji an raina shi. Shi kuwa makunnin yake fara ɗagawa kafin ya ba jirgin wuta, kamar yadda salatif ya ce, sai ya ji tak-tak-tak ya gyaɗa kai. Da inji ya tashi kuma wa zai ji ƙarar ɗan famfo? Na koma na ƙarasa kek ɗina ina jin babu mai wayo irina. A ganina famfo biyu suna aiki tare sun fi ɗaya, kamar shanu biyu a garma. Tunanin bakaniken mota ke nan, kuma shekara arba'in bai taɓa ba ni kunya ba.

Shekara biyu yana tashi, kusan kowace Lahadi. Kuma ga abin da yake cin raina har gobe. Mutumin nan da ba ya tuna inda ya ajiye tabarau alhali yana kan hancinsa, bai taɓa tsallake gwajin nan ba, ko sau ɗaya. Ina tsaye a gefe ina ganinsa. Ya kashe makunni, ya sunkuya yana kallon allura, leɓensa yana motsi yana ƙirga sittin. Allura ta tsaya cak, dole ta tsaya mana, tunda famfon da ya ɗauka ya kashe yana nan yana turo mai. Sai ya ɗago ya nuna mini babban yatsa. Ni kuma jaki in ɗaga masa nawa, ko a jikina, wai ina jin daɗi ƙanena ya fara hankali. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina me gwajin yake gwadawa ba.

Fetur ɗin gidan mai muke sa masa, don na jirgi sai an je birni kuma tsadarsa ta fi ƙarfinmu. Kowa ya san man ƙasar nan gauraye yake da giyar rake, kuma tana cin tsohuwar roba. A cikin famfon inji akwai wata 'yar fatar roba, ita ce ke bugawa tana turo man. Wajen Kirsimeti na zaro ma'aunin baƙin mai na ga ya hau maimakon ya sauka, na shinshina na ji warin fetur. Ko wanda jiya ya fara riƙe sifana ya san me wannan yake nufi a injin kunkuru, robar ta tsage, mai yana zuba ciki. Amma na tambayi Adelar allura fa, ya ce daram take, kullum yana gwadawa. Sai na ɗora wa kafireta, mai gauraya fetur da iska, laifi, na juye baƙin mai, na wanke hannu. Da bakina na tambaye shi, na kuma yarda da amsar da ni na ƙirƙira.

Ranar Lahadi ce ta biyu a watan Maris, waken suya ya yi ja ana shirin girbi. Al'adarsa idan ya gama yawonsa sai ya bi ta kan gidansu ya kaɗa fukafukai, Nilda ta gani ta ɗora shinkafa, kafin ta nuna ya sauka na kawo shi a mota, mu ci tare mu uku. Su Jandir suna can bayan rumfar jirage wajen wuta suna gardamar gishirin nama. Ni kaɗai nake jikin motata da oba-oba. Na hango shi ɗan mitsitsi ya juyo daga wajen gari, ina jin injina sarai, sai na ji ya yi tari. Ya kama, ya sake tari, ya yi shiru.

Muryarsa ta fito a oba-oba babu ko rawa, kamar mai neman a miƙo masa gishiri.

"Miro, inji ya ɗauke. Na kunna famfo. Allura tana ƙasa."

Na ce ya sake.

"Ina ta yi. Na kunna, na kashe, na kunna. Ba ya amsawa. Zan gwada hanyar gonar su Bortoli. In na sauka ka duba mini makunnin nan, kamar ya lalace."

Ya ƙara magana ɗaya bayan wannan. Saƙo ne, ba nawa ba, kuma na riƙe shi wata takwas ban isar ba.

Bai kai hanyar ba. Akwai jerin itatuwan turare a bakin gonar, saura kaɗan ya tsallake su. Mai gonar da matarsa suka jawo shi kafin wuta ta kama, yana numfashi, amma kafin a kai asibiti ya cika. Gaban jirgin ya cinye ƙurmus, wayoyi duk sun narke.

Jami'ai biyu suka zo daga birni, suka yi rabin yini. Jirgin da aka gina a bayan gareji ba ya cin lokacin kowa. Suka buɗe famfon inji suka ga roba a tsage. Suka tono makunnin daga toka suka gan shi a ƙasa, a kashe. Sai Jandir ya cire hula ya girgiza kai ya ce Allah Ya ji ƙan Adelar, mutumin kirki, amma mantuwa. Ya ba su labarin gidan mai, ya ba su na takalmi. Suka rubuta. Ɗayansu ya juyo ya tambaye ni ko marigayi ya yi magana a rediyo. Na ce ƙara kawai na ji. Ban shirya ƙaryar ba, fitowa ta yi, kuma da ta fito ban bi ta na kamo ba.

Da suka sakar mana tarkacen na kai gareji na kulle ƙofa na yanke famfon batir. Yana can baya kusa da tanki, wuta ba ta kai gare shi ba. Cikinsa ya cinye tas, irin cin abin da ya yi aiki ba hutu. Famfon da aka yi don minti biyar a kowane tashi, na sa shi ya yi shekara biyu yana gudu, wata ukun ƙarshe ma shi kaɗai yake ɗauke da injin, na gadon ya riga ya mutu babu wanda ya sani. Da na bar makunnin nan yadda yake, tun Kirsimeti allura za ta faɗi a ƙasa, a kan ciyawa, Adelar ya sauko yana ƙunƙuni, in sake roba ta kuɗin kwalbar giya biyu. Garin neman gira na rasa ido. Na zauna a ƙasan gareji na yi kuka irin wanda ban yi ba ko a mutuwar uwarmu.

Na ce zan faɗa bayan jana'iza. Na ce bayan addu'ar bakwai. Na ce bari Marlise ta koma birnin Kuritiba tukuna. Ina gaya wa kaina wai Nilda nake karewa, don idan na faɗa dole ta tuna wa ya zo da kek. Akwai gaskiya a ciki, amma kaɗan ce. Tsoro nake ji. Ban taɓa aure ba, ba ni da kowa, teburin nan na ranar Lahadi shi ne gidana. Kuma mamaci ba ya musu.

Abin da ya fi ƙona ni Jandir ne. Kafin wata biyu ya mayar da sunan ƙanena karin magana. Duk wanda zai tashi sai ya buga masa fiffike ya ce famfo, famfo, kada ka yi Adelar. Ranar da na fara ji da kunnena akwai sifana mai lamba goma sha tara a hannuna, kuma Allah ne Ya tsare tsohon nan. Na ce masa idan ya sake kama sunan zai haɗiye haƙoran da suka rage masa. Aka riƙe ni, aka ce baƙin ciki ne, a yi mini uzuri. Na dawo gida ina huci, sai a hanya na tambayi kaina wa ya ba shi maganar. Laifi tudu ne. Tun ranar ban sake zuwa kulob ba.

Haka na kai har ranar da Nilda ta ce in mayar da fenti mota. Na dawo da shi na ajiye a benci, daidai inda ta taɓa ajiye kek. Washegari da hantsi na buɗe akwatin da na ɓoye makunnin, na sa shi a aljihu, na koma.

Tana yanka kabewa a kicin. Na ajiye shi a kan tebur, baƙi ƙirin, na juya mata bayansa. Na nuna mata ƙafafu biyun da ake ɗaura waya, na ce ta duba, ko da wuta ta ci waya tana barin guntu a jikin ƙusa, waɗannan kuwa fes suke, don shekara biyu babu abin da ke ɗaure a jikinsu. Na yi mata bayani tiryan-tiryan, famfo biyun, gwajin minti ɗaya, warin fetur a baƙin mai. Ban kalle ta ba, kabewar nake kallo. Na ce makunnin an same shi a ƙasa ne don yana ta ɗaga shi yana saukewa har itace ya tare shi, kuma na sani don da kunnena na ji.

Ta ajiye wuƙar a hankali.

"Ya yi magana?"

"Ya yi."

"Ka ce wa mutanen birni ƙara kawai ka ji. Ni ma haka ka ce mini."

Na faɗa mata abin da ya ce, kalma kalma, har inda ya ce in duba masa makunni. Nan na tsaya. Ta ja kujera ta zauna. Ta daɗe tana kallon abin a kan tebur, sannan ta tambaya ko ita ta sa ni. Na ce a'a, na riga na yi tun kafin ta zo.

"Kada ka ƙara mini wata ƙaryar. Ka cika baki da kek ka ce in bar maka. Ba ni ce mai mantuwa a gidan nan ba." Ta juya makunnin da yatsa. "Ashe ma babu mai mantuwar."

Na ce komadre, yadda ni ma nake kiranta, laifin nawa ne, ita roƙo ta yi, ni ne mai sifana, ni ya kamata in sani.

"Wayar ba ta dame ni ba," ta ce. "Ni da kai muka yi ta, don muna sonsa. Wata takwas, Olmiro. Kana zuwa kowace Lahadi kana cin abincina kana jin ina zaginsa. Na kifa hotonsa a gabanka. Tashi ka tafi. Bar wannan a nan."

Shekara ashirin da tara rabon da ta kira sunana tsirara. Na ɗauki hulata na fita.

Ranar biyu ga wata na isa maƙabarta da sassafe, ina so in gama kafin jama'a su cika. Na tarar an riga ni. Masu sayar da fure ma ba su gama shimfiɗa ba, amma tana can a layi na huɗu, a durƙushe, da bokiti da soso, ta naɗe hannun riga. Ta wanke kusan rabi. Hoton falo yana jingine a jikin gicciye, ga tukunyar fararen furanni, ga makunnin a kan dutsen, ta ɗaga shi sama. Na tsaya nesa da gwangwanina kamar wanda ya zo bikin da ba a gayyace shi ba.

Ba ta juyo ba. Ta ce ranar Lahadi zan je kulob in faɗa a gaban Jandir da kowa yadda na faɗa mata, har da nata, kada in rage, kuma in rubuta wa mutanen birni. Na ce to. Ta ce akwai jirage nawa a rumfar nan da na taɓa sa wa hannu, na ce uku, amma babu wanda na yi wa haka. Ta ce duk da haka in duba. Sannan ta nuna bayan kabarin da soso, inda ya bushe, ta ce in fara fenti daga can.

Muka yi ta aiki, kabari a tsakaninmu. Mutane suka fara shigowa da kyandir da tsintsiya, ana gaisawa ƙasa-ƙasa. Ta zo da ƙoƙon mate da tulun ruwan zafi, ta tsiyaya ta sha, ta sake tsiyayawa ta sha. Ba ta miƙo mini ba, ni ma ban sa rai ba, har yau kuma ba ta miƙo ba.

Na kusa gama bayan sai na ji sosonta ya tsaya.

"Iyakar abin da ya ce ke nan? Makunni?"

Na san me take tambaya. Na ajiye burushi a bakin gwangwani.

"Akwai saƙonki. Shi ne na ƙarshe. Ya ce, ka ce wa Nilda ta sauke shinkafar nan, zan ɗan makara."

Ta zauna a kan dugaduganta, ruwan sabulu yana bin hannunta zuwa gwiwar hannu. Ba ni ta kalla ba. Ta miƙa hannu ta gyara wa hoton zama, ta goge wani ɗigon ruwa daga gilashinsa da gefen riga.

"Ta ƙone, Adelar," ta ce. "Ina bakin ƙofa ina jiranka, ta ƙone har tukunyar."